Yadda Gwajin Jini Ya Zama Ƙofar Shiga Tiyatar Rage Ƙiba

Duk wanda aka sa wa ranar tiyatar rage ƙiba a asibitin da ya san abin da yake yi, kafin ya ga ƙofar ɗakin tiyata sai an ɗebi jininsa a 'yan kwalabe da dama. Za a auna yawan jini, da sinadarin ƙarfe, da bitamin B12 da D, da suga, da alamomin lafiyar hanta da ƙoda, wani lokaci har da tayamin da zinki. Kuma ba kasafai takardar sakamakon ke dawowa fes ba. Galibi sai a tarar an yi wa layi biyu ko uku alama, wannan ya yi ƙasa, wancan ya haura. Nan hankalin mutum yake tashi, ya fara tunanin ko an fasa aikin ke nan, ko kuwa wata muguwar cuta ce aka bankaɗo. Amsar tana cikin tarihin takardar kanta, domin jerin gwaje-gwajen nan ba a zama ɗaya aka tsara shi ba. An shafe sama da shekara 50 ana ƙara masa layi, kuma kusan kowane layi ya shigo ne bayan wasu bayin Allah sun sha wuya.

Tunanin farko mai sauƙi ne. Likitocin tiyata sun daɗe da lura cewa wanda aka yanke wa wani dogon ɓangare na ƙaramin hanji, saboda rauni ko toshewar jijiyar jini, yakan rame duk yawan abin da yake ci. Ƙaramin hanji shi ne wurin da jiki ke tsotse amfanin abinci, kuma a babban mutum tsawonsa ya kai wajen mita 6. To idan an rage shi da gangan fa? A 1952 wani likita a Gotenbag ta ƙasar Suwidin, Viktor Henrikson, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mata santimita 105 na ƙaramin hanjinta don ta rage ƙiba. A Jami'ar Minesota ta Amurka kuwa sai aka zo da wata dabara, a bar hanjin a cikin ciki amma a yi wa abinci yanke, wato a ɗinka farkon hanjin da ƙarshensa, tsakiyar ta zauna ba aikin yi. Richard Varco ya yi wa mutum irin wannan aiki a 1953 bai wallafa ba. A 1954 Arnold Kremen da John Linner da Charles Nelson suka wallafa gwajin da suka yi a kan karnuka, a ciki suka ambaci mara lafiya ɗaya da aka yi wa.

Wanda ya kai abin ƙurewa shi ne Howard Payne na birnin Los Anjalis. A 1963 shi da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon mutum 10 da suka haɗa wa farkon ƙaramin hanji kai tsaye da babban hanji. Nauyi kam ya zube. Amma gudawa ta ƙi tsayawa, gishirin jiki irin su fotasiyam da kalsiyam suka yi ta tsiyayewa, hanta ta fara lalacewa. Da aka mayar wa marasa lafiyar da hanjinsu yadda yake, ƙibar ta dawo. A 1969 Payne da Loren DeWind suka sassauta aikin, suka bar inci 14 na farkon hanji da inci 4 na ƙarshensa suna aiki. Jimla santimita 45 ke nan, bai ma kai kashi ɗaya cikin goma na hanjin ba. Wannan salo shi ya yi tashe a shekarun 1970, aka yi wa dubban mutane a Amurka da Turai.

Ya kamata mu ɗan dakata a nan, don yawancin abin da aka sani game da jinin mai tiyatar ƙiba a jikin waɗannan mutane aka koye shi.

Ɗauki tsakuwar ƙoda. Akwai wani sinadari mai suna okzalet a cikin abinci irin su alayyafo da gyaɗa. A cikin lafiyayyen hanji, kalsiyam yakan kama shi, su fita tare a bayan gida. Amma idan mai da kitsen abinci ba su samu inda za a tsotse su ba, sai su riƙe kalsiyam ɗin, okzalet ya zama sakakke, babban hanji ya tsotse shi, ya tafi ƙoda ya daskare. Mutum ya yi asarar kalsiyam ɗin da ƙashinsa ke buƙata, ya kuma samu tsakuwa, wasu ma ƙodar ta mutu gaba ɗaya. Bitamin A da D da E da K duk a cikin mai suke tafiya, don haka suka bi man suka fice. Shi kuma dogon hanjin nan da aka bari ba abin da ke ratsa shi, sai ya zama kamar kududdufi, ƙwayoyin bakteriya suka yi ta hayayyafa a ciki, abin da suke fitarwa yana shiga jini. Daga nan wasu suka kamu da ciwon gaɓoɓi da ƙuraje, kuma ana ganin wannan, haɗe da ƙarancin furotin, na cikin abin da ya riƙa kashe hanta.

A 1983 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa binciken da Michael Hocking da abokan aikinsa na Jami'ar Filorida suka yi a kan mutum 100, sama da shekara biyar bayan aikin. A matsakaici kowa ya zubar da kilo 46 da ɗoriya, kusan sulusin nauyinsa, kuma suga da hawan jini sun yi sauƙi. Sai dai 58 daga cikinsu har lokacin suna fama da gudawa, 88 suna da ƙarancin B12 ko folet ko duka biyun, 21 sun yi tsakuwar ƙoda, hantar 29 tana ƙara lalacewa, 7 kuma tasu ta riga ta ƙeƙashe. Marubutan da kansu suka ce sun daina yin aikin. Ba daidai ba ne a kalli likitocin wancan zamani a matsayin marasa imani, domin mutanen da ke zuwa wurinsu ƙiba na neman kashe su, kuma babu wani magani mai aiki a lokacin. Amma aikin ya bazu tun kafin a san abin da yake yi wa jiki bayan shekara biyar, kuma marasa lafiya ne suka biya kuɗin wannan gaggawa.

Wani abu ya fito daga wannan zamani wanda ba shi aka je nema ba. Saboda tsoron abin da ke samun hanta, likitoci suka fara gutsuro ɗan ƙanƙanin yanki nata a ranar tiyatar don su samu abin kwatantawa daga baya. Da aka duba a madubin likita, sai ga shi da yawa daga cikin hantocin sun riga sun cika da kitse tun kafin a taɓa hanji, wasu har da kumburi da tabo. A lokacin, hanta mai irin wannan kama ta mashayin giya ce a idon likita, kuma mutumin da ya rantse bai taɓa kurɓa ba akan ɗauka ɓoyewa yake yi. Sai a 1980 Jurgen Ludwig da abokan aikinsa na asibitin Mayo suka bayyana marasa lafiya 20, yawancinsu mata masu ƙiba, da yawa kuma masu ciwon suga, waɗanda hantarsu ta yi kamar ta mashaya alhali ba sa sha, suka ba cutar suna nata na kanta. Layin ALT da AST da ke kan takardar gwajin yau, idan ya ɗan haura a mai ƙiba, yawanci wannan kitsen hanta yake nunawa.

Tun kafin aikin hanji ya faɗi, wani likita a Jami'ar Ayowa, Edward Mason, ya riga ya karkata zuwa tumbi. Ya lura cewa waɗanda aka cire wa babban ɓangaren tumbi saboda gyambon ciki sukan daɗe ba su mayar da jiki ba. A 1966 ya yi wa mara lafiya ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi ya haɗa shi da hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji, ya wallafa tare da Chikashi Ito a 1967. A 1977 Ward Griffen ya gyara haɗin zuwa siffar harafin Y, dabarar da ta samo asali daga César Roux, likitan Suwizaland na ƙarshen ƙarni na 19. Wannan aiki bai kashe hanta kamar na baya ba, amma ya zo da nasa bashin, kuma bashin sananne ne tun da daɗewa.

Labarin B12 ya girmi tiyatar ƙiba. A ƙarshen shekarun 1920 wani matashin likita a Boston, William Castle, yana neman dalilin wani mugun ƙarancin jini da ke kashe mutane. Sai ya riƙa cin niƙaƙƙen naman shanu, bayan kamar awa guda ya dawo da shi daga cikinsa, a ba marasa lafiya ta bututu. Jininsu ya ƙaru. Naman shi kaɗai bai yi musu komai ba, ruwan tumbi shi kaɗai ma haka. Ta wannan hanya mai tayar da zuciya aka gane cewa tumbi yana fitar da wani sinadari wanda in babu shi jiki ba zai iya tsotse wani abu da ke cikin nama ba, abin da aka ware a 1948 aka kira shi bitamin B12. Ka ga kuwa duk aikin da ya rage tumbi ko ya tsallake shi dole ya taɓa B12. Haka sinadarin ƙarfe, wanda yake buƙatar tsamin ruwan tumbi, kuma a farkon ƙaramin hanji ake tsotse yawancinsa, daidai wurin da aikin Mason ya tsallake.

Tayamin, wato bitamin B1, shi ne mafi gaggawa a cikinsu. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba. A 1881 likitan Jamus Carl Wernicke ya bayyana mutum uku da suka ruɗe, idanunsu suka daina juyawa daidai, tafiyarsu ta zama tangaɗi, suka mutu. Biyu mashaya ne, amma ta ukun matashiya ce da ta sha ruwan asid, mafitar tumbinta ta tsuke, ta yi ta amai. Shekara ɗari bayan haka sai ga irin wannan ciwo a masu tiyatar ƙiba da amai ya ƙi tsaya musu. A 2008 Erlend Aasheim na ƙasar Nowe ya tattara rahotannin mutum 84 da abin ya samu, mafi yawansu bayan amai mai tsawo, a cikin watannin farko. Ciwo ne da allurar tayamin mai araha ke karewa, amma in an makara mutum na iya rasa ikon riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwarsa har abada.

Har zuwa nan, duk hankali yana kan abin da ke faruwa bayan tiyata. Zaton da aka gina komai a kansa shi ne mai ƙiba ya zo da rarar komai, wuƙar likita ce ke jawo ƙaranci. Ai mutum mai kilo 150 ba ya kama da wanda wani abu ya yi wa kaɗan.

Alhali shaidar akasin haka tana nan tun 1962, lokacin da Jean Mayer na Jami'ar Habad da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet cewa samari da 'yan mata masu ƙiba suna da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini fiye da tsararrakinsu. Ba a san dalili ba sai bayan kusan shekara 40, da aka gano wani sinadari da hanta ke fitarwa mai suna hefsidin a tsakanin 2000 da 2001. Aikinsa shi ne rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini. Jiki yana ƙara shi idan akwai kumburi, kamar lokacin kamuwa da cuta, don ya hana ƙwayoyin cuta samun ƙarfe. Shi kuwa kitse mai yawa yana haifar da wani ɗan kumburi na ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa, don haka ƙofar takan zauna a rabin rufe shekara da shekaru. Mutum yana cin nama, ƙarfen yana wucewa.

Bitamin D kuma nasa salon daban ne. A 2000 wasu masu bincike, ciki har da Michael Holick na Boston, suka haska wa masu ƙiba da marasa ƙiba haske iri ɗaya mai kama da na rana. Fatar kowa ta yi aikinta, amma ƙaruwar bitamin ɗin a jinin masu ƙiba ta gaza ta sauran da kashi 57 cikin 100. Bitamin ne mai narkewa a mai, kitsen jiki ya shanye shi ya riƙe. Ƙara da wasu abubuwa na yau da kullum: abinci mai ƙoshi da suga da mai amma mara ganye, shekarun da aka yi ana hana kai abinci ana komawa, maganin suga metformin da ke rage B12 in an daɗe ana sha, magungunan olsa irin su omeprazole da ke rage tsamin tumbi, da jinin al'ada mai yawa ga mata.

Da tiyata ta cikin 'yan ƙananan huji ta shigo, bayan Alan Wittgrove da Wesley Clark sun wallafa rahoton irin wannan aiki a 1994, yawan masu yin aikin ya ninka sau da yawa, aka samu isassun mutanen da za a auna tun kafin a taɓa su. A 2006 Louis Flancbaum da abokan aikinsa a Niyok suka duba mutum 379 kafin tiyata: kusan kashi 44 cikin 100 ƙarfensu ya yi ƙasa, 29 tayamin, 68 bitamin D. A 2009 wani bincike a Suwizaland ƙarƙashin Barbara Ernst ya duba mutum 232, ya tarar kashi 18 cikin 100 suna da ƙarancin B12, kusan rubu'insu zinki, rubu'i kuma ƙarancin bitamin D mai tsanani. Alƙaluman sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, amma duk wuri ɗaya suka nuna. A 2008 ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka, wadda aka kafa a 1983 da Mason a matsayin shugabanta na farko, ta fitar da ƙa'idoji tare da ƙungiyoyin likitocin suga da na ƙiba, kuma auna waɗannan sinadarai kafin aiki yana ciki.

Saboda haka idan takarda ta dawo da alamomi a yau, a yawancin lokuta abin da aka tsara ta ta kama ne ta kama. Ƙarancin D ko B12 ko ƙarfe ba ya soke tiyata, gyara shi ake yi tukuna, don bayan aiki mutum zai yi makonni yana shan ruwa-ruwa cokali-cokali, kuma hanjinsa ba zai ƙara tsotsa kamar da ba. Cike rumbu ya fi sauƙi kafin a rage masa ƙofa. Wannan ya shafi har aikin da aka fi yi yanzu a duniya, wanda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri kamar ayaba ba tare da an taɓa hanji ba.

Karanta takardar ma sai da lura. Feritin, ma'aunin ajiyar ƙarfe, yana haurawa da kumburi, don haka zai iya fitowa daidai a mai ƙiba alhali ƙarfen ya ƙare, shi ya sa likita ke haɗa shi da wasu ma'aunai. HbA1c, wanda Samuel Rahbar ɗan ƙasar Iran ya lura da shi a jinin masu ciwon suga a 1968, yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, amma ya dogara ne da tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini. Ƙarancin ƙarfe na iya ɗaga shi ba gaira ba dalili, kuma a mai sikila ba a dogara da shi, wasu na'urorin ma sukan yi kuskure a mai AS ko AC, don haka yana da kyau likita ya san rukunin jinin mutum kafin ya yanke hukunci. Haka ALT: a inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita, kamar Afirka ta Yamma, ba a ɗora wa kitse laifi sai an gwada an ga babu ƙwayar cutar. Kuma ALT na iya zama daidai alhali hanta ta yi tabo sosai.

Akwai kuma sakamakon da ke sa a ɗage aiki da gaske. Ƙarancin jini mai tsanani, musamman a namiji ko macen da ta daina al'ada, yana sa a nemi inda jini ke zuba a ciki kafin komai. Suga da ya yi sama ƙwarai yana hana ɗinki warkewa kuma yana jawo ruɓa, sai an sauko da shi. Idan ƙwayoyin daskarar da jini da furotin ɗin albumin suka yi ƙasa tare, likita zai yi zargin hanta ta ƙeƙashe, kuma wannan na iya canza irin aikin da za a yi ko ya hana shi ɗungurungum. Ƙoda mai rauni ko tarihin tsakuwa yana sa a yi taka-tsantsan da ayyukan da ke tsallake hanji, saboda labarin okzalet ɗin nan na shekarun 1970 bai ƙare ba, yana faruwa a aikin Mason ma, sai dai ba da irin wancan tsanani ba. Juna biyu kuwa yana tsayar da komai.

Inda tsarin yake rauni a yanzu shi ne wajen masu tafiya wata ƙasa a yi musu aiki cikin mako guda. Idan an ɗebi jini yau an shiga tiyata gobe, gwajin zai iya gaya wa mai ba da maganin barci abin da yake buƙatar sani, amma babu lokacin gyara komai. Ƙwayar ƙarfe tana ɗaukar watanni kafin ta cika ajiya, bitamin D makonni. Wanda ya yi gwajinsa a gida wata biyu ko uku kafin tafiya, ya riƙe kwafin sakamakon, ya samu lokacin gyara, ya kuma samu abin da likitansa zai kwatanta da shi daga baya. Ƙa'idojin yau sun ce a maimaita gwajin sau da yawa a shekarar farko, sannan kowace shekara har ƙarshen rayuwa. Dalili ɗaya shi ne B12: hanta tana ajiye wanda zai isa shekaru, don haka mutum na iya zama lafiya ƙalau a shekara ta farko da ta biyu, sai a ta uku ko ta huɗu ya fara jin tafin ƙafarsa yana dinɗiris, a lokacin da ya daɗe da daina zuwa asibiti.